Lata da Asha: Tarihin Ya da Ƙanwa da Ya Fi Ƙagaggen Labari

Mu marubuta muna son labarin 'yan'uwa mata da suka ɓata, kuma na lura kusan kullum hassada muke ɗora wa laifin. Yau ga tarihin wasu mata biyu da muryarsu ta daɗe a gidajenmu, tun zamanin da finafinan Indiya suka mamaye silimun Kano: Lata Mangeshkar da ƙanwarta Asha Bhosle.

An haifi Lata a 1929, Asha a 1933. Mahaifinsu Deenanath mawaƙi ne kuma ɗan wasan daɓe. Da ya rasu a 1942 ya bar 'ya'ya biyar, nauyin gida ya faɗo kan Lata tun ba ta wuce shekara 13 ba. Da waƙa da fitowa a fim ta ciyar da ƙannenta.

A 1949 Asha, tana 'yar shekara 16, ta gudu ta auri Ganpatrao Bhosle, wanda sakataren Lata ne, ba da yardar gida ba. Nan zumunci ya yanke. Ku lura, a lokacin Asha ba ta da wani suna da za a yi kishi da shi. Auren ne ya raba su.

Auren bai yi daɗi ba. Wajen 1960 Asha ta dawo gidan mahaifiyarsu da 'ya'ya biyu, ga cikin na uku, aka buɗe mata ƙofa. Kafin nan ta sha wuya a masana'anta, sai waƙoƙin da manya suka ƙi ake ba ta, har mai kiɗa O.P. Nayyar, wanda bai taɓa aiki da Lata ba, ya ɗaga ta da fim ɗin Naya Daur a 1957.

Gasa kam an yi, don kasuwa ɗaya suke ci, 'yan jarida kuma suka yi ta hura wuta. Har fim aka yi mai suna Saaz, mutane suka ce su ake nufi, Asha ta musanta. Amma shekaru masu yawa maƙwabtan juna ne a bene guda, Prabhu Kunj, a Mumbai, sun kuma yi waƙa tare, kamar a fim ɗin Utsav na 1984. Da Lata ta kwanta ciwon ajali a 2022, Asha ta je asibiti duba ta.

Abin da nake so 'yan'uwana marubuta mu duba shi ne, sulhun nan ba shahara ce ta kawo shi ba, kuma ba a bakin kabari aka yi shi ba kamar yadda muke yi a littattafanmu. Uwa ce ta karɓi 'yarta ranar da ta dawo ba komai a hannu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.