Dogon da ya ƙi tsallaka iyaka

Kusan duk layi a Zangon Agege, ko nan Alaba Rago, za ka tarar da mai ɗan'uwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. To amma tambayi dattawanmu ko akwai wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Ikko ya sauka a Nijar. Babu. Shekara fiye da ɗari ana dogo a ƙasar nan, bai taɓa tsallaka iyaka da fasinja ba.

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa layin daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901. Na Baro ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe su. Wannan haɗin ne ya ɗaga Agege: goro na hawa Arewa huhu-huhu a tarago, shanu da raguna na gangarowa, tafiyar da fatake ke yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki.

Sai dai Bature ba don zumunci ya yi dogo ba, don gyaɗa da auduga da fata ya yi shi, su isa bakin teku. Shi ya sa reshen Zariya ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya tsaya a Nguru a 1930. Kowanne ya doshi Nijar, ya ja birki. Mutumin Maraɗi sai ya sauka Kano ya nemi mota. Nan kudu ma haka: reshen da ya tashi daga Ifo ya ƙare a Idogo, na Faransawa ya tashi daga Kwatano ya ƙare a Pobe, tsakaninsu ba wani nisa, amma ba wanda ya haɗa. Ko an so haɗawa ma akwai cikas. Faɗin layin Ingila milimita 1,067 ne, na Faransa mita ɗaya cif. Ɗan bambancin nan, da bai kai tsawon yatsa ba, ya isa ya hana taragon wannan hawa layin wancan.

Inda mai mulki ɗaya ne a ɓangarorin biyu, jirgin ya wuce. Dakar zuwa Bamako ya haɗu a 1924, na Abijan ya kai Wagadugu a 1954, kuma bayan 'yancin kai sun ci gaba da ɗaukar fasinja shekaru masu yawa, kafin rashin gyara da gasar motoci su karya su.

Nijar ce aka bari a baya. Layin Kwatano ya kai Paraku a 1936 ya tsaya, daga nan sai manyan motoci. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar a Janairun 2016. Amma a Benin wani ɗan kasuwa, Samuel Dossou, ya ce shi ke da haƙƙin aikin, kotu ta ba shi gaskiya. Tsakanin Doso da Paraku ya zauna ba layi, wanda aka gina kuwa ya zama dogon da bai haɗu da komai ba. Kuɗi sun tafi.

Yanzu ido na kan Kano zuwa Maraɗi. Shugaba Buhari ya ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kilomita 284, kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Mutanen kudu da yawa sun yi ta ƙorafin me ya kai kuɗin Najeriya wata ƙasa. A ganina sun manta cewa ɗan guntu ne kawai ke cikin Nijar, kuma kayan da Nijar ke saukewa a Kwatano da Lome, da Apapa za su biyo.

Wahalar gaske tana bayan an gama ɗaure ƙarfe. A ina za a duba takardu, Jibiya ko cikin jirgi? Tikiti da naira ko da sefa? Wa zai biya giɓin, tunda jigilar fasinja ba kasafai take riƙe kanta ba sai da kaya? Ga siyasa: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Direban mota ya san hanyar daji. Jirgi kuwa, ranar da aka saukar da shinge, tsayawa zai yi.

Mu na Ikko akwai abin da ya fi shafar mu. Sabon layin mai faɗin milimita 1,435 ne, irin wanda ya bi ta tashar Agege tun Yunin 2021, amma namu a Ibadan ya tsaya. Abuja zuwa Kaduna na aiki tun 2016, Kaduna zuwa Kano ana kan ginawa, Ibadan zuwa Abuja kuwa har yanzu a takarda yake. Ko gobe aka buɗe Maraɗi, mai ragunan layya sai ya sauke su a Kano, ya nemi tirela.