Hodar Gwangwani, Madarar Gwangwani, da Ciwon da Ake Gado



Kafin jirgin ƙasa ya iso Kumasi a shekarar 1903, kayan adon matan Zango a kan jaki suke zuwa. Fataken da ke bin hanyar Gwanja suna sauke baƙi da turkuɗi da kanwa da kwalli a Salaga, su ɗauki goro su koma Kano da Katsina da Sakkwato. Macen wancan zamani tana da lallenta, da man kaɗanya, da sabulun salo, da turaren wuta, kuma ta san inda kowanne ya fito, sau da yawa ma ta san hannun da ya haɗa shi. Da layin dogo ya haɗa Kumasi da bakin teku, sai kaya suka sauya hanya, suka riƙa fitowa daga Kudu a cikin akwatunan katako. A 1929 aka haɗa manyan kamfanonin Ingila biyu aka kafa UAC. Ga kuma John Holt da Paterson Zochonis, ga na Faransa, CFAO da SCOA. Daga kantunansu kwanon sha da langa da fitilar ƙwai da atamfa suka shiga ɗakin amarya. Turaren Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya fara haɗawa a 1920, ya zauna a lefe har yara suka taso suna zaton kayan gargajiya ne.

Cikin waɗannan kaya akwai wani ɗan gwangwani mai hujoji a ka, wanda ba a cika ambatonsa a tarihi ba: hoda. Asalinta dutse ne, mafi laushin duwatsu, wanda farce ma yana karce shi. Larabawa na kiransa ɗalƙ, daga gare su Turawa suka ari sunan. Ana haƙo shi a Italiya da Faransa da Amurka da wasu ƙasashe, a niƙa shi ya yi laushi kamar gari, a zuba masa ƙamshi. Kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fara sayar da hodar jarirai a 1894, wasu kamfanoni da yawa suka bi sahu. A ƙasa mai gumi da ƙurajen zafi irin Gwalkwas, kaya irin wannan ba ya buƙatar dillali. Maƙwabtanmu Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, dama suna shafa farar ƙasa a jiki don nuna murna ko nasara, sai hoda ta gaji wannan matsayi. Shi ya sa har yau za ka ga mai jego sanye da fararen kaya, wuyanta fari fat. Matan Zango su ma suka ɗauka: a shafa wa jariri bayan wanka, a shafa a wuya da hammata, wasu kuma su barbaɗa a matse-matsi ko a ƙyallen al'ada saboda gumi da wari. Wannan amfani na ƙarshe shi ne ya jawo maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen Gwalkwas sun taɓa yi wa kayan kanti bore. A ranar 26 ga Janairun 1948, Nii Kwabena Bonne, wani basarake na Osu, ya jagoranci ƙaurace wa kayan Turawa, aka shafe wata guda ana yi. A ranar 28 ga Fabrairu aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar Christiansborg, gari ya rikice, aka farfasa kantuna a Ankara. Koken jama'a a lokacin tsada ce da haɗin bakin manyan kamfanoni wajen tsayar da farashi. Abin da ke cikin gwangwanin bai shiga lissafi ba, domin a idon mai saye, duk abin da ya fito daga kantin Bature a rufe, da tambari a jikinsa, ya riga ya wuce tuhuma.

Tuhumar ta taso ne daga ƙasashen masu kayan, kuma ta makara. A 1971 wasu masu bincike a birnin Kadif na ƙasar Birtaniya suka duba ƙari goma sha uku da aka ciro daga ƙwan mahaifar mata, suka tarar da ɓurɓushin dutsen hoda a cikin goma. Ƙwan mahaifa, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan halittu ne guda biyu, dama da hagu a gefen mahaifa, kowanne bai fi ɗan dabino ba. A nan ake ajiye ƙwayayen haihuwa, daga nan kuma sinadaran da ke tafiyar da al'ada suke fitowa. Akwai hanya buɗaɗɗiya daga gaban mace zuwa mahaifa, daga mahaifa zuwa bututu biyu da ke kaiwa gare su, saboda haka ƙura mai laushi tana iya hawa. A 1982 Dakta Daniel Cramer na Boston ya kwatanta mata 215 masu ciwon dajin ƙwan mahaifa da wasu 215 masu lafiya, ya ga masu shafa hoda a wannan wuri sun fi yawa a cikin marasa lafiyar. Sannan ga wata matsala ta daban: a cikin ƙasa, dutsen hoda yakan yi maƙwabtaka da asbestos, ma'adinin nan da ake yin wani irin rufin ɗaki da shi, wanda babu jayayya a kan cewa yana haddasa ciwon daji.

Sai shari'a ta biyo baya. A 2018 wata kotu a jihar Misuri ta yanke wa Johnson & Johnson diyyar dala biliyan 4.69 ga mata 22, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage ta zuwa biliyan 2.12. Kamfanin bai taɓa amsa laifi ba, yana nan a kan cewa hodarsa ba ta da illa. Duk da haka ya daina sayar da ta dutsen a Amurka da Kanada a 2020, sauran duniya kuma sai a 2023, ya koma yin ta da sitacin masara. Shekaru ukun nan da ke tsakani, ni dai ban ji daɗinsu ba: abin da aka janye daga ɗakin jaririn Amurka ya ci gaba da zama a kantunan Afirka da Asiya.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ba ka so. Malaman lafiya ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani babban nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bayanan mata kusan 250,000, bai sami alaƙa tabbatacciya tsakanin hoda da wannan ciwo ba. A watan Yulin 2024 kuma, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ɗaga matsayin dutsen hoda zuwa rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon. A harshen malaman fiƙihu, wannan galibin zato ne, bai kai yaƙini ba. Ko a wajen waɗanda suka sami alaƙar, ƙarin haɗarin kaɗan ne. Kada kuma wani ya fake da wannan ya ce duk kayan kakanni lafiyayyu ne. Kwallin da fatake ke kawowa, wanda muke ranɗa wa jarirai a ido, da yawansa dalma ce a cikinsa, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Gwangwani na biyu shi ne na madara. Wata likita mai suna Cicely Williams ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Ankara, ita ce ta sanar da duniyar likitoci ciwon kwashiyoko da sunan da Gaawa ke kiransa, a 1935. Da aka mayar da ita Malaya, ta tarar kamfanoni na tallata wa iyaye mata madarar gwangwani mai zaƙi a madadin nono, sai ta yi wani jawabi mai zafi a Singafo a 1939 inda ta danganta wannan talla da kisan kai. Ita jarirai take karewa, amma daga baya aka gano uwa ma tana da nata rabo a shayarwa. A 1971 ɗin nan dai, wani likita Bamisire, Mahmud Fathallah, ya kawo bayanin cewa duk watan da ƙwai ya fita, yakan bar ɗan rauni a fatar ƙwan mahaifa wanda sai jiki ya gyara, kuma yawan rauni da gyara ba hutu yana buɗe ƙofar kuskure. Ciki yana dakatar da fitar ƙwai, shayarwa ma tana jinkirta shi, haka nan ƙwayoyin tazarar haihuwa. Bincike da yawa sun tabbatar cewa duka ukun suna rage haɗarin wannan ciwo. Shekara biyun shayarwa da muka karanta a Suratul Baƙara tun muna allo, ashe har wannan ma ta ƙunsa. Alhamdu lillahi, matanmu ba su saki shayarwa ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe.

Yanzu ga abin da ya fi gwangwanayen nan biyu nauyi nesa ba kusa ba, wato gado. A 1866 likitan Faransa Paul Broca ya rubuta tarihin dangin matarsa, inda ciwon dajin nono ya bi mata tsatso bayan tsatso. An shafe fiye da ƙarni ba a san dalili ba, sai a 1990 Mary-Claire King ta Amurka ta gano inda matsalar take a cikin ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyaye. Aka fitar da ƙwayar farko, mai suna BRCA1, a 1994, ta biyu kuma, BRCA2, a 1995. Aikin waɗannan biyu a jikin kowa shi ne gyaran ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin halitta, kamar mai ɗinkin da ke bin riga yana toshe yagewa. Idan mutum ya gaji ɗaya a lalace, gyaran yakan yi rauni. A cikin mata ɗari na gama-gari, ɗaya ko biyu ne ke kamuwa da ciwon dajin ƙwan mahaifa a tsawon rayuwa. A cikin ɗari masu lalatacciyar BRCA1 kuwa, kusan arba'in ne. Ku auna wannan da ɗan ƙarin da ake jayayya a kansa game da hoda.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin matsalar Turawa, musamman Yahudawan Turai, domin a kansu aka fi yin binciken. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, da abokan aikinta na Ibadan suka warware wannan zato. A nazarin da suka buga a 2018 kan mata 1,136 masu ciwon dajin nono, kashi 7 cikin ɗari na ɗauke da lalatacciyar BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2, adadin da ya zarce na yawancin al'ummomin Turai. A Ibadan aka yi aikin, amma ya isa ya nuna cewa abin yana cikin jinin Afirka ta Yamma.

Musulmi bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, da yadda aka yi wani ya fito daban a cikinsu, ya amsa da kansa cewa wata jijiya ce ta kakanni ta fisgo shi, aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Wannan jijiya tana bin uba kamar yadda take bin uwa. Namiji yana iya ɗaukar lalatacciyar ƙwayar daga mahaifiyarsa, ya rayu lafiya, ya miƙa wa 'yarsa, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabi da rabi na yiwuwar gada. Saboda haka ciwon gwaggo yana da nauyi daidai da na inna. Ba kuma auren zumunci ne ke kawo shi ba, domin gado daga ɓangare ɗaya ya wadatar.

A nan ne mu mutanen Zango muke da rauni na musamman. Kakanninmu maza sun baro Hausa da ƙuruciya, da yawansu sun auri Dagombawa da Gwanjawa da sauran mutanen ƙasa, dangi suka rarrabu tsakanin Tamale da Yendi da Kumasi da Kano. Mutum zai iya lissafa maka kakanninsa maza biyar da garin da kowanne ya fito, amma ka tambaye shi me ya kashe ƙanwar mahaifinsa, sai ya ce ajali. A littattafan da irinmu ke riƙe wa dattawa, muna rubuta ranar rasuwa da magada da abin da aka bari, ba mu da gurbin rubuta ciwo. Idan kuwa mata biyu ko uku a gida ɗaya suka tafi da kumburin ciki, sai a fara kallon kishiya, a ce sammu ne, zumunci ya lalace a kan abin da ba hannun kowa a ciki. Akwai kuma tsoron da na san yana hana magana: kada a ce gidan wane ba a auren 'ya'yansu. Tsoro ne mai dalili, kuma shi ya sa irin wannan bayani wurinsa tsakanin dangi da likita, ba bakin rijiya ba.

Ciwon yana da wayo, domin alamominsa na farko sun yi kama da na kowane ciwon ciki: kumburi da ba ya sauka, saurin ƙoshi da ɗan abinci, ciwon mara, yawan fitsari. Idan suka zauna mako biyu ko uku ba su tafi ba, musamman ga wadda ta haura hamsin ko wadda ke da mai ciwon nono ko na ƙwan mahaifa a dangi, asibiti ya kamata a nufa, a kuma faɗa wa likita tarihin dangin duka biyu. Gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba ya gano wannan, ciwo ne daban. Asibitin Korle Bu a Ankara, wanda Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923, da na Komfo Anokye a Kumasi, duk suna da sashen ciwon daji. Ga wadda gwaji ya tabbatar ta gaji ƙwayar, likitoci kan ba da shawarar cire ƙwan mahaifa da bututunsa bayan ta gama haihuwa, kuma wannan yana rage haɗarin ƙwarai.

Hoda kuwa, har yanzu kamfanoni da yawa suna yin ta dutse, tana nan jibge a Kejetia da kasuwar Nima. A bayan gwangwanin ko robar, inda aka jera abubuwan da aka haɗa ta da su, idan ta dutse ce za a ga kalmar talc a sahun farko, ta masara kuma za a ga an rubuta corn starch. Wadda ba ta karatun boko ta ba ɗanta ya duba mata kafin ta biya.