Yadda kek ɗin lemo da kwakwa ya zama abin yi a gida

Kek ɗin da uwargida ke kwaɓawa yau cikin 'yan mintuna, a da aikin ƙarfi ne. Littafin girkin Hannah Glasse, wanda ya fito a Ingila a 1747, ya tanadi a auna fulawa da man shanu da sukari laba guda-guda, a zuba ƙwai, sannan a yi ta bugu da hannu ko babban cokalin katako har awa ɗaya. Iskar da bugun ya cusa cikin kwaɓin ita ce ke tayar da shi. Da zarar hannu ya gaza, kek ya fito a danƙare. Ga shi kuma sukari na da tsada, don haka sai gidajen masu hali.

Wanda ya fara sauke wa mata wannan wahala shi ne Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham. Jikin matarsa ba ya karɓar yis, sai ya haɗa mata hodar da ke kumbura kwaɓi a 1843. Soda ce da wani gari mai tsami. In suka jiƙe sai su saki iska, zafin wuta kuma ya kama kwaɓin a kumbure. A 1893 August Oetker na Bielefeld a Jamus ya shiga sayar da irinta a ƙananan fakiti, kowane daidai da rabin kilon fulawa. A ganina, daga nan kek ya zama na kowa, domin mai yi ta huta da kintace.

Shi lemo ya riga hodar isa kicin. Asalinsa yankin arewa maso gabashin Indiya da kudancin Sin, kuma Larabawa ne suka yaɗa noman lemon tsami a Andalus da tsibirin Sisili. Masu toye-toye sun gane tun tuni cewa ƙamshin yana cikin man da ke bawo, shi ya sa ake kankare saman bawon kawai, a bar farin da ke ƙarƙashi saboda ɗaci.

Kwakwa ce ta makara. A da ana kai ta Turai da Amurka ɗungurungum, sai an fasa, an ɓanɓare, an goge, kuma gogaggiya ba ta jimawa take lalacewa. A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu a Silon, wato Siri Lanka ta yau, suka fara busar da gogaggiyar kwakwa suna aikawa Ingila. A Filadelfiya kuwa, wani mai niƙan fulawa, Franklin Baker, ya tura kaya Kyuba a shekarun 1890, aka biya shi da lodin kwakwa. Da ya rasa mai saye, sai ya koma gogewa da busarwa, sana'ar ta karɓe shi har ya bar fulawa. Ba a jima ba kwakwa ta cika littattafan girki, har Ostareliya ta yi suna da lamington, kek ɗin da ake tsomawa a cakuleti a birkiɗa cikin busasshiyar kwakwa.

Da kek ya iso ƙasar Hausa, rashin oben bai hana matanmu ba. A zuba yashi a gindin tukunya, a shafa wa gwangwanayen madara mai, a jera, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Da haka aka yi ta fitar da kek ɗin sallah da na biki. Kuma mu muna da gatan da Baker ya yi ta wahalar nema wa mutanensa: ɗanyar kwakwa daga kudu, irin ta Badagiri, tana nan a kasuwanninmu. Uwargida, in kin samu ɗanya, ki goge da kanki, ta fi ta leda ƙamshi da maiƙo.