Sarki Siddiku da boren ƙasar Ruma

Wajen 1807 Ummarun Dallaje ya karɓe birnin Katsina, sarakunan Haɓe kuwa suka yi arewa har suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Sai dai zukatan talakawa da dama ba su bi sabon rawani ba. Ko da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Maraɗi da Gobir a Gawakuke a 1836, bayan 'yan shekaru garuruwan ƙasar Ruma sun yi wa Katsina bore da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarki Siddiku ɗan Ummaru ya murƙushe su da tsanani, koke ya yawaita, har Sakkwato ta tuɓe shi a 1844. Da ya rasa gadon sarauta, wurin mutanen Maraɗin da ya yaƙa ya je neman taimako.