Tirifala: Garin 'Ya'yan Itatuwa Uku da Indiyawa Ke Sha Don Gyaran Ciki

Tirifala gari ne da ake haɗawa daga busassun 'ya'yan itatuwa uku, kuma yana cikin magungunan da aka fi sani a Ayurbeda, tsohon ilmin likitancin gargajiya na ƙasar Indiya. A jikin kwalabe da fakitin da ake sayarwa ana rubuta sunansa Triphala. Kalmar ta harshen Sanskirit ce, ma'anarta "'ya'yan itace uku". Indiyawa sun fi shan sa domin sauƙaƙa bayan gida da daidaita narkewar abinci, sannan likitocinsu na gargajiya suna lissafa shi cikin magungunan ƙarfafa jiki. A 'yan shekarun nan cinikinsa ya tsallaka iyakar Indiya ta hanyar intanet da shagunan kayan ƙarin lafiya, don haka ya kamata mai saye ya san abin da ke cikinsa, da abin da bincike ya tabbatar, da kuma inda haɗarinsa yake.

'Ya'yan itatuwan uku

Na farko shi ne amalaki, wanda aka fi sani da amla, sunansa na kimiyya Phyllanthus emblica. Ɗan itacen bai kai girman lemun tsami ba, kore ne mai ratsin ɗorawa, yana da tsami da bauri ƙwarai, kuma yana cikin 'ya'yan itatuwa masu yawan bitamin C. Ana nomansa sosai a jihar Uttar Pradesh, musamman gundumar Pratapgarh, ana kuma yin alewa da tsimi da man gashi da shi.

Na biyu shi ne haritaki, wato Terminalia chebula. Bishiyarsa babba ce, ɗan itacen kuma idan ya bushe yakan yi duhu da gurbi-gurbi a tsaye. Daga gare shi ne mafi yawan ƙarfin sassauta ciki yake fitowa. Saboda yawan sinadarin tanin da ke cikinsa, majema a Indiya da Turai sun daɗe suna jima da shi, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. A likitancin Tibet ana yi masa kirari da sarkin magunguna.

Na uku shi ne bibhitaki, wato Terminalia bellirica, mai ɓawo ruwan toka da laushin gashi. A Ayurbeda an fi danganta shi da tari da majina. Shi da haritaki dangin bishiyar baushe ne da ke dazuzzukan ƙasar Hausa, ko da yake jinsinsu daban, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Wajen haɗawa, ana shanya 'ya'yan itatuwan, a cire ƙwallayen, a daka ɓawo da tsokar, a tankaɗe. Garin da aka samu shi ake kira curna. Mafi yawan masana'antu suna haɗa kashi ɗaya-ɗaya daidai wa daida bisa nauyi. Akwai kuma tsohon ma'auni na ƙidaya, inda ake sa haritaki 1, bibhitaki 2, amalaki 4.

Tarihinsa

Sunan tirifala ya zo a manyan littattafan Ayurbeda biyu, Caraka Samhita da Sushruta Samhita, waɗanda asalinsu ke komawa kimanin shekaru 2,000 da suka shuɗe. Caraka ya sa shi cikin rukunin rasayana, wato magungunan da ake sha domin tsawon rai da jinkirta tsufa, har ya kawo hanyoyin haɗa shi da zuma da man shanu. A shekarar 1890 wani hafsan sojan Birtaniya, Hamilton Bower, ya sayi wani tsohon rubutu da aka yi a kan ɓawon itace a kusa da garin Kuca da ke yammacin ƙasar Sin ta yau. Rubutun, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod, yana ɗauke da babi sukutum a kan haritaki, abin da ke nuna nisan da wannan ilmi ya yi a kan hanyoyin fatake.

Maganin ya shiga duniyar Musulunci ta hannun Farisawa da Larabawa. Larabawa suka kira 'ya'yan itatuwan halilaj da balilaj da amlaj, haɗin kuma suka kira shi iɗrifal, kalmar da ta samo asali daga tirifala. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya kawo shi a littafinsa Alƙanun. Har gobe likitocin Yunani na Indiya da Pakistan suna haɗa iɗrifal, galibi a cuɗe da zuma.

Yadda Ayurbeda ke kallonsa

A ra'ayin Ayurbeda, lafiyar mutum ta dogara ne da daidaiton abubuwa uku da ake kira dosha: Vata mai alaƙa da iska da motsi, Pitta mai alaƙa da zafi da narkewa, da Kapha mai alaƙa da danshi da majina. Masu wannan ilmi suna ganin haritaki yana kwantar da na farko, amalaki na biyu, bibhitaki na uku, shi ya sa suke ɗaukar haɗin a matsayin wanda ya dace da kowane irin jiki.

Suna kuma kwatanta narkewar abinci da wuta, wadda suke kira agni. Idan wutar ta yi rauni, a cewarsu, abinci ba ya narkewa sarai, sai wani datti da suke kira ama ya taru ya haifar da cuta. Aikin tirifala a wurinsu shi ne hura wannan wuta da fitar da dattin. Wannan bayani falsafa ce ta gargajiya, likitancin zamani kuwa yana bayyana aikin garin ne ta hanyar sinadaran da ke cikinsa.

Yadda ake sha

Ma'aunin da aka saba bayarwa ga baligi a Indiya shi ne giram 3 zuwa 6, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a dama da ruwan ɗumi a sha kafin kwanciya. Wasu kan jiƙa shi da dare su tace su sha da safe, wasu kuma su lasa da zuma. Ɗanɗanonsa haɗin tsami ne da ɗaci da bauri, shi ya sa kamfanoni ke mayar da shi ƙwaya ko kafso. Ana kuma dafa shi a yi ruwan kurkure baki.

Abin da bincike ya nuna

Binciken ɗakunan gwaji ya tabbatar cewa garin yana ƙunshe da tanin iri-iri, da sinadaran galik da elajik da cebulinik, da kuma bitamin C. An ga waɗannan sinadarai suna hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kwanon gwaji, suna kuma rage kumburi a jikin ɓeraye.

A kan ɗan Adam, hujjar da ta fi ƙarfi tana wurare biyu. Na farko, wasu ƙananan gwaje-gwaje a Indiya sun nuna yana sassauta taurin bayan gida da rage kumburin ciki. Na biyu, gwaje-gwajen likitocin haƙori sun nuna ruwan kurkure baki na tirifala yana rage dattin haƙori da kumburin dasashi, a wasu gwaje-gwajen ma kusan daidai da kuloheksidin, maganin kurkure baki da asibitoci ke bayarwa. Amma mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan mutane kaɗan cikin gajeren lokaci, kuma ƙarfin garin da aka yi amfani da shi ya bambanta daga wannan bincike zuwa wancan.

Game da rage ƙiba da sukari da kitsen jini, sakamakon da ake da shi na share fage ne kawai. Batun warkar da ciwon daji kuwa, wanda wasu masu talla ke yayatawa, bai wuce gwajin ƙwayoyin halitta da dabbobi ba. Babu wani sahihin gwaji da ya nuna tirifala yana warkar da kansa a jikin mutum, kuma barin maganin asibiti saboda shi na iya jawo asarar rai.

Illoli da waɗanda ya kamata su kiyaye

Illar da aka fi gani ita ce gudawa, da murɗawar ciki, da yawan iska, musamman idan an zarce ma'auni. Gudawa mai tsawo tana ƙarar da ruwa da gishirin jiki, abin da ya fi haɗari ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda.

Masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara su guje shi sai da izinin likita, su kansu littattafan Ayurbeda sun hana mai ciki haritaki. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai shan maganin ciwon sukari, da wanda ake shirin yi wa tiyata, lallai su sanar da likitansu kafin su fara, domin garin na iya ƙara ƙarfin waɗannan magunguna. Haka nan tanin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini, don haka mai ƙarancin jini kada ya haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini.

Akwai kuma haɗarin rufe babbar cuta da ƙaramin magani. Taurin bayan gida da ya zo tare da jini, ko rama ba dalili, ko amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko wanda ya sauya wa mutum al'adarsa ta bayan gida har makonni, alama ce da ke buƙatar binciken asibiti ba tare da jinkiri ba.

Matsalar inganci

Babbar damuwar masana ba ta tsaya ga 'ya'yan itatuwan ba, ta fi karkata ga abin da ke shiga cikin kwalba. A shekarar 2004 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga binciken Dakta Robert Saper da abokan aikinsa, wanda ya gano dalma ko zaiba ko asanik a cikin 14 daga magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan birnin Bostan. A shekarar 2008 suka gwada wasu 193 da aka saya ta intanet, suka sake samun irin waɗannan ƙarafa a kusan ɗaya cikin biyar. Binciken ya shafi magungunan Ayurbeda ne gaba ɗaya, kuma matsalar ta fi yawa a nau'in da ake sa ƙarafa da gangan. Tirifala ba ya cikin wannan nau'i, amma gurɓatacciyar ƙasa da injin niƙa da rashin tsafta na iya gurɓata shi, danshi kuma na sa shi fumfuna.

A Indiya, dokar magunguna ta 1940 ce ke kula da sarrafa magungunan Ayurbeda, sannan a watan Nuwamban 2014 gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH domin likitancin gargajiya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta magungunan gargajiya a Jamnagar da ke jihar Gujarat, da nufin auna irin waɗannan magunguna a ma'aunin kimiyya.

A Najeriya, Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar magungunan gargajiya, na gida da na waje. Mai saye ya duba lambar hukumar, da sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abubuwan da aka haɗa, da ranar daina aiki. Ya kuma sani cewa lambar ba shaida ba ce ta cewa maganin yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, barinsa ya fi alheri.

Ga baligi mai ƙoshin lafiya da ke fama da ɗan taurin ciki, tirifala mai inganci na iya taimakawa na ɗan lokaci. Sai dai matakin farko da likitoci ke bayarwa bai sauya ba: yawan shan ruwa, cin ganye da wake da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a surfe ba, da motsa jiki kullum. Wanda ya yi haka har mako biyu bai ga sauƙi ba, asibiti ya kamata ya nufa.