Kujerar da Souleymane Cissé Bai Zauna a Kanta ba

Saura kwana uku a buɗe bikin FESPACO karo na 29 a Wagadugu, ranar 19 ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran Souleymane Cissé a Bamako yana da shekara 84. Shi aka naɗa shugaban alƙalan da za su tantance manyan fina-finai a gasar wannan shekarar, don haka aka buɗe biki da makoki. Masu kallo sun saba riƙe sunan wanda ya ɗauki Ingarman Yennenga, wato babban kambin gasar. Kaɗan ne ke tambayar su wa suka zauna suka yanke hukunci, da irin hanyar da suka biyo kafin a ba su kujerar. Alhali duk wanda ya bi tarihin waɗannan alƙalai zai fahimci dalilin da ya sa wasu fina-finai ke cin gasa, wasu kuma ko ƙofa ba a buɗe musu.

Da aka fara bikin a 1969 babu gasa, babu alƙali. Nuna fina-finai ne kawai. Sai a 1972 aka kafa kambin, kuma ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarsa: Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ganda ba ɗan makarantar silima ba ne. Soja ya yi wa Faransa a yaƙin Indocin, ya dawo ya shiga dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Jean Rouch ya gamu da shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ɗan wasa ne kafin ya zama mai ba da umarni, ya san zafin tsayuwa gaban kamara. Da ya yi tsawon rai, irinsa ake nema a shugabanci alƙalai. Amma ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45. Abin da ya rage masa a Wagadugu shi ne kyautar da ake bai wa wanda ya fi iya fim ɗin farko, wadda ke ɗauke da sunansa har yau.

Shi kuwa Cissé, alƙalin farko da ya gamu da shi ba na gasa ba ne. Bayan ya dawo daga karatun silima a Mosko, ya yi wa ma'aikatar watsa labaran Mali aiki, sannan a 1975 ya fitar da Den Muso cikin harshen Bambara. Labarin wata yarinya ce bebiya da aka yi wa fyaɗe, ta yi ciki, danginta suka juya mata baya. Gwamnatin soja ta Moussa Traoré ta hana nuna fim ɗin, aka kuma tsare shi bisa zargin karɓar kuɗin Faransa. Wani da ya fito sai ya koma yin fina-finan yabon gwamnati ya ci abincinsa lafiya. Cissé ya yi Baara, kan ma'aikata da mai masana'anta da ke tatsar su, ya ɗauki Ingarma a 1979. Ya sake yin Finye, kan ɗalibai da suka tayar wa mulkin soja, ya sake ɗauka a 1983, sojojin na nan kan mulki a ƙasarsa. Tun daga nan, mutum ɗaya ne ya sake ɗaukar kambin sau biyu, Alain Gomis, a 2013 da 2017. A wannan shekarar ta 1983 Cissé ya zauna cikin alƙalan bikin Cannes na Faransa, bayan shekara huɗu kuma alƙalan Cannes suka ba Yeelen kyautarsu.

Wannan shi ne amfanin ɗora tsohon hannu kan kujera. Wanda ya kwana a tsare saboda fim ba zai ji tsoron bai wa fim mai tsokanar masu mulki kambi ba, ko da minista na zaune a sahun gaba. Ya kuma san abin da mai kallo bai sani ba: ko shirun da aka yi a wani fage zaɓi ne na gwaninta, ko kuwa kuɗin ɗaukar sauti ne ya ƙare.

Gaston Kaboré na Burkina Faso ta wata ƙofa ya shigo. Tarihi ya karanta a Faris kafin ya koma silima. Ya yi Wend Kuuni a 1982, ya riƙe sakatariyar ƙungiyar masu shirya fina-finan Afirka, FEPACI, tun daga 1985 har shekara 12, ya ɗauki Ingarma a 1997 da Buud Yam, ya kuma buɗe makarantar horar da matasa mai suna Imagine a Wagadugu. Shekarar 2009 ta zo masa da alƙalanci biyu a jere. A watan Fabrairu yana cikin alƙalan bikin Berlin da suka ba Sotigui Kouyaté kyautar gwarzon ɗan wasa saboda London River. Sotigui a Burkina ya tashi, har ƙwallo ya buga wa ƙasar kafin ya shiga wasan kwaikwayo, don haka mai son gulma yana da abin faɗa. Sai dai wanda ya kalli dattijon nan dogo yana neman ɗansa a titunan Landan ba zai ce alfarma aka yi masa ba. Makonni kaɗan bayan haka Kaboré ya shugabanci alƙalan FESPACO, suka ba Haile Gerima na Habasha kambin saboda Teza.

Abderrahmane Sissako na Muritaniya ma haka: ya ci a 2003 da Heremakono, ya dawo shugaban alƙalai a 2021, inda suka zaɓi fim ɗin farko na wani matashi ɗan asalin Somaliya, Khadar Ahmed, kan mai haƙar kabari da matarsa marar lafiya.

To amma tsarin yana da nasa cikas, kuma a nan ne ni nake ganin maganar ta shafe mu. Wanda ya ci jiya shi ke hukunci yau, wanda ya zaɓa kuma shi zai yi hukunci gobe. Cissé da Sissako makaranta ɗaya suka yi a Mosko, Kaboré a Faris. Idonsu ya saba da fim mai tafiyar hawainiya, mai ƙarancin magana, irin wanda bukukuwan Turai ke so kuma asusun Turai ke biya. Ba laifi ba ne, gwaninta ce. Sai dai ba ita kaɗai ce gwaninta ba. Wasan da Bahaushe ya tashi da shi, tun daga na Yazi Dogo a Télé Sahel har zuwa fina-finan Kano, a baki ƙarfinsa yake: habaici, ba'a, karin magana, amsar da ke zuwa kan gaɓa. Rubutun fassara a ƙasan allo ba ya ɗaukar wannan. Ga kuma dokar gasar kanta: kafin 2015, sai fim ɗin da ke kan faifan milimita 35 ke shiga babbar gasa. Duk shekarun da kaset da faifan bidiyo suka cika gidajen Kano da Maraɗi da Damagaram, alƙalan Ingarma ba su da ma damar cewa fina-finan nan suna da kyau ko ba su da shi.

Sannan a duba sunayen da aka lissafa: duka masu ba da umarni ne. Ko a 2013, da aka damƙa wa mata shugabancin dukkan rukunin alƙalai, Euzhan Palcy aka ba babbar kujera, ita ma mai ba da umarni. Ɗan wasa fa? Zalika Souley ta fara fitowa a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, tana cikin fim ɗin Ganda da ya kawo wa Nijar kambin 1972, kuma ta sha zagi a Yamai saboda mutane sun kasa raba ta da matan banza da take kwaikwayo. Da silimar Nijar ta durƙushe, sai ga ta a Amurka tana aikatau. Rahmatou Keïta ce ta adana labarinta a fim ɗin Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. Mace mai shekaru masu yawa haka a gaban kamara ta fi kowa sanin lokacin da ɗan wasa ke ƙarya da fuskarsa, amma sai mutum na da abin sawa a baki da mai tunawa da shi kafin a aiko masa da takardar gayyata.

A ƙarshen bikin 2025, alƙalan da Cissé bai samu ya shugabanta ba sun ba Dani Kouyaté Ingarma saboda Katanga. Dani ɗan Sotigui ne. Burkina ta shekara 28 tana jiran kambin tun na Kaboré. Nijar kuwa tun na Ganda ba ta sake ɗaukarsa ba.