Kayan Ɗaki da Sutura a Ingila, 1530 zuwa 1604

A shekarar 1577 wani limamin coci mai suna William Harrison, wanda ke zaune a ƙauyen Radwinter cikin lardin Essex, ya wallafa bayani a kan ƙasar Ingila da zaman mutanenta. A ciki ya kawo abin da dattawan ƙauyensa suka ce ya sake a tsawon rayuwarsu. Ba su ambaci yaƙi ko sarauta ba. Abin da suka lura da shi shi ne yawan bututun hayaƙi a kan gidaje, da canjin shimfiɗa, da canjin kwanukan abinci. A da, in ji su, mutum kan kwanta bisa katifar ciyawa ya yi matashi da gungumen ice, ya ci abinci a akushi da cokalin katako. Zuwa lokacin Harrison kuwa manomi mai ɗan hali ya mallaki katifar gashin tsuntsu, da jerin faranta na kuza, wani ma har da cokulan azurfa.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin hirar tsofaffi kawai, to amma akwai takardun da suka gaskata ta. Wata doka ta 1529 ta ƙarfafa al'adar cewa idan mutum ya rasu, a sami mutane, yawanci maƙwabta, su bi gidansa ɗaki ɗaki, su rubuta kowane kaya da kimarsa, a miƙa wa kotun coci kafin a raba gado. Dubban irin waɗannan takardu suna nan a ajiye har yau. Daga cikinsu ne masana tarihi suka ga yadda ɗakuna suka ƙaru, kujera ta fara maye gurbin benci, tagogi suka sami gilashi, aka kuma rataya yadi mai zane a bango a gidan da ba shi da kuɗin darduma. Sai dai shaidar tana da giɓi, domin matalauci ƙwarai ba safai ake ƙididdige kayansa ba, matar aure kuwa shari'a ta ɗauki kayanta na mijinta ne.

A gidajen manya abin ya fi haka nisa, kuma addini yana da hannu a ciki. Bayan Sarki Henri na Takwas ya ɓalle daga Roma a 1534, ya rushe gidajen 'yan zuhudu tsakanin 1536 da 1540, filayensu da yawa suka koma hannun fadawa da attajirai. A 1548, zamanin ɗansa Edward, aka ba da umarni a fid da siffofi da gumaka daga majami'u. Masu zane suka rasa babban mai ba su aiki, sai suka karkata ga zanen kamannin masu dukiya. Hans Holbein, Bajamushen da ya rasu a Landan a 1543, ya zana sarki da fadawansa, kuma duk wanda ya dubi aikinsa zai ga ya ba gashin dabbar da ke wuyan riga da sarƙar zinariya kulawa daidai da wadda ya ba fuska. Ba a banza ba, gama tufar ce ke faɗin matsayin mai ita.

To, a nan ne hankalin hukuma ya tashi. In dai sutura ce ke nuna ɗan sarauta, yaya za a yi da ɗan kasuwa wanda kuɗinsa ya kai ya sayi irinta? Dokar 1533 ta keɓe alharini mai launin shunayya ga gidan sarauta, ta kuma tsara wanda zai sa karan-miski gwargwadon muƙaminsa da abin da yake samu a shekara. Sarauniya Elizabet ta yi ta maimaita irin wannan shela. Ta 1574 ta yi kukan cewa samari suna sayar da filayen gado saboda ado, kuɗin ƙasa kuma yana fita waje wajen sayen alharini. Akwai ma dokar 1571 wadda ta tilasta wa talakawa maza sa hular ulu ta gida ran Lahadi da ranakun biki, don masu saƙa ta kada su rasa sana'a. Watau ba kare martabar manya kaɗai aka nufa ba, har da kare ciniki.

Yawan maimaita shelar kansa ya isa shaida cewa ba a bin ta. Ba a da ma'aikatan da za su tsaya auna rigar kowa, alƙalan da aka ɗora wa aikin kuwa sau da yawa daga cikin sababbin masu arzikin suka fito. An soke dokar hula a 1597. A 1604, shekara guda bayan rasuwar Elizabet, majalisar farko ta Sarki James ta soke sauran dokokin sutura.